Sinima: fina-finan ramuwar gayya kan masu haɗamar kuɗi bayan rikicin 2008

Ran 27 ga Fabrairu 2011, a bikin ba da kyautar Oscar a birnin Los Angeles na Amurka, an kira Charles Ferguson ya karɓi kyautar fim ɗin bincike mafi kyau, saboda aikinsa mai suna Inside Job. Kafin ya gode wa kowa, sai ya tuna wa jama'ar da ke zauren cewa shekara uku ke nan da rikicin kuɗi ya girgiza duniya, amma babu shugaban banki ko ɗaya da ya kwana a gidan kaso. Aka tafa masa.

A shekarun da suka biyo baya, masu shirya fim a Amurka da Turai da Kudancin Amurka sun yi ta fitar da labarai masu kama da juna: talaka ya rasa gida ko aiki ko kuɗin fanshonsa, ya ga babu inda zai kai ƙara, sai ya tashi ya rama da kansa. Wasu na ban dariya ne, wasu na zubar da jini. Amma kusan dukansu sun ci karo da tambaya guda: idan banki ya cuce ka, wuyan wa za ka kama?

Abin da ya faru a 2008

Tushen rikicin shi ne bashin sayen gida a Amurka. Daga farkon shekarun 2000, bankuna da dillalansu sun riƙa ba da bashi ga mutanen da samunsu bai kai su biya ba, gidan da aka saya kuma shi ne jingina. Yawancin bashin yana farawa da kuɗin ruwa kaɗan, bayan shekara biyu ko uku sai ya hau. Bankunan ba su damu da ko za a biya ba, domin suna tattara dubban basussuka su mai da su takardun jari, su sayar wa wasu bankuna da kamfanonin inshora da asusun fansho a duniya.

Tsakanin 2004 da 2006 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 1 cikin 100 zuwa 5.25. Masu bashi suka kasa biya, farashin gidaje ya faɗi, takardun nan suka zama ba su da mai saye. Ran 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers, mai shekara 158 da kafuwa, ya durƙushe. Washegari gwamnati ta ceci kamfanin inshora na AIG da dalar Amurka miliyar 85. A farkon Oktoba majalisa ta amince da wasu miliyar 700 don tallafa wa bankuna.

Talakawa kuwa, fiye da mutum miliyon 8 suka rasa aiki a Amurka, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, an kuma karɓe gidajen miliyoyin iyalai. A watan Maris 2009 aka ji cewa AIG, wanda aka ceta da kuɗin haraji, zai raba wa ma'aikatan sashen da ya janyo asarar tukuicin dala miliyon 165. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wa aka hukunta?

An ci manyan bankuna tara mai yawa: JPMorgan ya amince da biyan dala miliyar 13 a 2013, Bank of America miliyar 16.65 a 2014. Amma kamfani ne ya biya, shugabanni suka tafi gida da dukiyarsu. Babban ma'aikacin banki da aka fi ambata cewa an ɗaure a Amurka kan takardun bashin gidaje shi ne Kareem Serageldin na Credit Suisse, wanda aka yanke wa wata 30 a 2013.

Wanda ya sha hukunci mai tsanani shi ne Bernard Madoff. An kama shi a Disamba 2008, aka yanke masa ɗaurin shekara 150 a Yuni 2009, ya mutu a kaso a 2021. Damfararsa tsohuwa ce: ya karɓi kuɗin sabon mai zubi ya biya na da, ya ce riba ce. Da rikici ya sa kowa ya zo neman nasa lokaci guda, sai asiri ya tonu. Irin wannan tarko ne MMM ta ɗana a Najeriya da alkawarin ribar kashi 30 a wata, kafin ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Madoff ba shi ya haddasa rikicin ba, amma yana da suna da fuska, shi ya sa masu fim suka yi ta aron kamanninsa.

Tambayar ta girmi 2008

Bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, bankuna sun kori dubban manoma daga gonakinsu a Amurka. A 1940 John Ford ya yi fim daga littafin John Steinbeck, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Les Raisins de la colère. A ciki, wani wakili ya zo cikin mota ya shaida wa manomi cewa ya tashi. Manomin da ɗansa suka nemi sanin mai laifi. Aka ce musu kamfani ne; kamfanin kuma banki ke ba shi umarni; shugaban bankin shi ma daga gabashin ƙasar ake ba shi nasa. Manomin ya tambayi wanda zai harba ke nan, wakilin ya ce shi ma bai sani ba. Ranar da tarakta ta zo rushe gidan, ɗan maƙwabcinsa ne ke tuƙi, saboda dala uku a yini.

Bonnie and Clyde na Arthur Penn, 1967, ya koma wannan zamani. Clyde ya miƙa wa wani manomi bindiga ya harbi allon da banki ya kafa a gidan da aka ƙwace masa. A zahiri, ƴan fashin biyu da aka kashe a 1934 sun fi tare ƙananan kantuna da gidajen mai, sun kuma kashe ƴan sanda da farar hula. Tun a nan aka fara yi wa wannan nau'in fim zargin wanke ɓarawo.

Waɗanda suka ɗauki makami

Fim na farko da ya yi fice bayan rikicin na ban tsoro ne. Drag Me to Hell na Sam Raimi, wato Jusqu'en enfer, an nuna shi a bikin Cannes a Mayu 2009. Wata matashiyar ma'aikaciyar banki tana neman ƙarin girma, sai ta ƙi ƙara wa wata tsohuwa wa'adin biyan bashin gida karo na uku, don ta nuna wa shugabanta tana da tsauri. Tsohuwar ta durƙusa ta roƙa, aka kira masu gadi. Ta tsine mata, aljani ya bi ta kwana uku. Shugaban da ya bar mata zaɓin kuwa, ko ƙwarzane bai samu ba.

A Assault on Wall Street na Uwe Boll, 2013, wani mai gadin motar ɗaukar kuɗi ya rasa ajiyarsa a jarin da dillali ya ba shi shawarar saye, inshora ta daina biyan maganin matarsa, banki ya biyo gida, matar ta kashe kanta. Ya sayi bindigogi ya shiga ofisoshi yana harbi. Masu sharhi sun soki fim ɗin sosai, saboda yana gabatar da kisan ma'aikata barkatai kamar adalci.

Sifaniya tana cikin ƙasashen da suka fi jin jiki: rashin aikin yi ya haura kashi 26 cikin 100 a 2013, bankuna kuma sun sayar wa ƙananan masu ajiya, da yawansu tsofaffi, wasu takardun jari masu haɗari da sunan ajiya ce mai aminci. Daga nan aka samo El desconocido na Dani de la Torre, 2015, wato Appel inconnu. Luis Tosar ya fito a shugaban reshen banki da ya ɗauki ƴaƴansa biyu zai kai su makaranta, sai waya ta shigo: akwai bam ƙarƙashin kujerunsu, duk wanda ya tashi zai fashe. Mai kiran tsohon abokin hulɗar bankin ne da takardun nan suka ruguza wa iyali. Da shugaban reshen ya nemi taimakon na sama da shi, sai suka juya masa baya.

Money Monster na Jodie Foster, 2016, ya kai fushin gidan talabijin. George Clooney ne mai shirin da ke ba jama'a shawarar inda za su zuba kuɗi. Wani matashi mai aikin kai kaya ya bi shawararsa ya zuba dala dubu 60, gadon mahaifiyarsa, a wani kamfani da aka wayi gari ya yi asarar miliyon 800, aka ce kuskuren kwamfuta ne. Ya shigo ana tsakiyar shiri da bindiga da rigar bam. Bincike ya nuna shugaban kamfanin ne ya karkatar da kuɗin zuwa wata mahaƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, ya kuma ba da cin hanci a kan yajin aikin ma'aikatanta. Matashin ya samu shugaban ya amsa laifinsa a gaban duniya, nan take ƴan sanda suka harbe shi.

Waɗanda suka yi dabara

Rukuni na biyu sun bi karin maganar nan: faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Tower Heist na Brett Ratner, wato Le Casse de Central Park, ya fito a Nuwamba 2011, lokacin da masu zanga-zangar Occupy Wall Street ke kwana a wani dandali a New York. Alan Alda ya fito a attajiri irin Madoff da ke zaune a ƙololuwar wani dogon bene, ya cinye kuɗin fanshon ma'aikatan gidan. Tsohon mai tsaron ƙofa, da ya ba shi duk abin da ya tara, ya yi yunƙurin faɗawa gaban jirgin ƙasa. Shugaban ma'aikatan, Ben Stiller, ya haɗa kai da wani ƙaramin ɓarawo, Eddie Murphy, suka gano cewa motar Ferrari da attajirin ya ajiye a falonsa da zinariya aka ƙera ta. Aka farfasa ta aka raba wa ma'aikata, shugabansu ya tafi kaso na shekara biyu.

A Now You See Me, ko Insaisissables, na Bafaranshe Louis Leterrier, 2013, masu rufa-ido huɗu sun kwashe asusun mai kamfanin inshora a bainar jama'a, suka zuba wa mutanen New Orleans da ya ƙi biya bayan guguwar Katrina. Fim ɗin ya samu fiye da dala miliyon 350. A Going in Style na 2017, tsofaffi uku, Michael Caine da Morgan Freeman da Alan Arkin, sun yi fashi a bankin da ke da hannu a soke fanshonsu, da niyyar ɗaukar daidai abin da suke bi.

Wanda masu sharhi suka fi yabawa shi ne Hell or High Water na David Mackenzie, 2016, mai suna Comancheria a Faransanci, wanda ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu. Labarin wa da ƙane ne a yammacin Texas. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar gona a jingine, bankin kuma ya ba ta ɗan abin da zai riƙe ta cikin talauci har ya samu damar ƙwace filin, wanda aka gano man fetur a ƙarƙashinsa. Suna da ƴan kwanaki su biya. Sai suka riƙa fashi a ƙananan rassan wannan banki, suna ɗaukar ƙananan takardun kuɗi kawai, su binne motar da suka yi aiki da ita, su kai kuɗin gidan caca a Oklahoma su canja su da cak mai sunan bankin. Suka biya shi bashinsa da kuɗinsa. Ƙanen ya rubuta gonar da sunan ƴaƴansa, ya kuma danƙa wa bankin kula da dukiyar, don kada ya so a zurfafa bincike.

Fim ɗin bai ɓoye abin da dabarar ta ci ba: an kashe mai gadi da wani mutumin gari, an kashe ɗan sanda, wan shi ma ya mutu. Ɗan sandan da aka kashe jinin ƴan asalin ƙasar ne. Kafin mutuwarsa ya nuna wa abokin aikinsa reshen bankin, ya ce da soja aka ƙwace ƙasar nan daga kakanninsa, yanzu kuma wannan ne ke ƙwace ta daga jikokin waɗanda suka ƙwata.

Faransa, Ajantina da Sifaniya

Louise-Michel na Benoît Delépine da Gustave Kervern ya fito a Faransa a Disamba 2008, wata uku bayan Lehman. Matan wata masana'anta a yankin Picardie sun zo aiki da safe suka tarar an kwashe injuna cikin dare. Kuɗin sallamar kowacce yuro 2,000 ne, wajen CFA miliyon 1 da dubu 300. Suka haɗa su wuri guda kamar adashe, Yolande Moreau ta kawo shawarar a ɗauki hayar wanda zai kashe mai gidan. Sai dai duk wanda suka kai gare shi, sai a tarar yaron wani ne. Farautar ta kai su Brussels, daga nan zuwa Jersey, tsibirin da attajirai ke ajiye dukiya don gudun haraji. Tambayar manomin 1940 ce ta dawo cikin barkwanci.

Ajantina ta riga kowa shan nata. A Disamba 2001 gwamnati ta hana mutane cire fiye da peso 250 a mako daga asusunsu, aka yi tarzoma, shugaba Fernando de la Rúa ya yi murabus ya bar fada cikin jirgi mai saukar ungulu. La odisea de los giles na Sebastián Borensztein, 2019, ya ba da labarin mutanen wani ƙauye da suka haɗa dalolinsu don farfaɗo da rumbunan hatsi a matsayin ƙungiyar manoma. Shugaban banki, da ya san abin da ke tafe, ya lallashi jagoransu, Ricardo Darín, ya zuba kuɗin a asusu ana gobe za a rufe, ya kuma miƙa dalolin ga wani lauya. Lauyan ya binne su cikin akwatin ƙarfe a gona. Ƙauyawan suka tono, suka ɗauki nasu. Fim ɗin ya ci kyautar Goya a 2020.

La Casa de Papel, fim mai dogon zango na Álex Pina da ya fara a tashar Antena 3 a 2017 kafin Netflix ta yaɗa shi, ya kauce wa tambayar gaba ɗaya. Ƴan fashin sun shiga gidan buga kuɗin Sifaniya don su buga wa kansu yuro miliyar 2.4. Hujjar jagoransu ita ce ba su taɓa aljihun kowa ba, kuma babban bankin Turai ya yi wa bankuna irin wannan bayan rikicin, ba wanda ya kira shi ɓarawo.

A Afirka: kotu a tsakar gida

Yankinmu ya san irin wannan ciwo tun kafin 2008: tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da FMI suka gindaya daga shekarun 1980, rushewar bankin BDRN a Nijar a 1990, bashin albashin ma'aikata, da karya darajar CFA da rabi a Janairu 1994. Amma manyan fina-finan yankin kan wannan batu ba su bi hanyar fashi ba.

A Bamako na Abderrahmane Sissako, 2006, an gurfanar da Bankin Duniya da FMI a tsakar gidan mahaifin daraktan a unguwar Hamdallaye. Alƙalai da lauyoyi na gaske ne, cikinsu har da Aïssata Tall Sall ta Senegal da William Bourdon na Faransa. Tsohuwar minista Aminata Traoré ta ba da shaida. Ana shari'a mata na rini, ana ɗaurin aure, mara lafiya na kwance a ɗaki. Wani tsohon manomi ya tashi ya rera kukansa da harshensa, ba a fassara ba. Lauyan masu ƙara ya nemi a yanke wa bankin aikin yi wa jama'a hidima har abada. Fim ɗin ya ƙare ba a karanta hukunci ba.

Hyènes na Djibril Diop Mambéty ɗan Senegal, 1992, ya juya labarin. Wata mata da aka kora daga garinsu da ciki ta dawo bayan shekaru, ana cewa ta fi Bankin Duniya kuɗi. Ta yi wa garin tayin dukiya in za a kashe mutumin da ya yaudare ta. Mutanen gari suka ƙi da baki, amma suka fara ɗaukar kaya bashi a kantinsa. A nan mai ramuwar ce ke da kuɗin, haɗamar kuma ta gari duka ce.

Abin da ake sukar su da shi

Suka ta farko ita ce yawancin fina-finan Amurka sun ƙirƙiro mugu ɗaya da ya karya doka, alhali mafi yawan abin da ya janyo rikicin 2008 doka ta yarda da shi. Idan aka kama mugun, mai kallo ya tashi da jin cewa an gyara, tsarin ba da bashin kuwa yana nan.

Ta biyu ta shafi masu zuba kuɗin. Kamfanin Universal da ya fitar da Tower Heist a lokacin mallakar Comcast ne da General Electric, wanda sashensa na kuɗi ya ci gajiyar lamunin gwamnati a 2008. The Wolf of Wall Street na Martin Scorsese, 2013, labarin wani ɗan damfarar hannun jari ne. Daga baya hukumomin Amurka suka zargi kamfanin Red Granite da ya shirya shi da amfani da kuɗin da aka sace daga asusun gwamnatin Malesiya, 1MDB. Kamfanin ya biya dala miliyon 60 a 2018 aka rufe maganar, ba tare da ya amsa laifi ba.

A wasu ƙasashe kotu ta yi abin da Ferguson ya nema. Aisland ta ɗaure shugabannin bankin Kaupthing. A Sifaniya, Rodrigo Rato, tsohon shugaban FMI wanda ya jagoranci Bankia kafin gwamnati ta cece shi a 2012, ya shiga kaso a Oktoba 2018 kan ɗaurin shekara huɗu da rabi. Laifin da aka kama shi da shi kuwa shi ne kashe kuɗin banki da katin da ba a bayyana wa hukumar haraji ba. A shari'ar da ta shafi dubban masu ƙaramin jari da suka yi asara bayan sayen hannun jarin Bankia, kotu ta wanke shi da sauran waɗanda ake tuhuma a Satumba 2020.